Fedojin da na haɗa da hannu suna rawa, in sa Hall sensa?

Direban_Dare:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa totur da birki da kuloci na katako ina buga wasan tuƙin babbar mota na kwamfuta Euro Truck Simulator 2 da su, ɗan allon lantarki Arduino Pro Micro ne ke ɗauke da komai, kowace feda da potenshiyomita 10k, irin wanda masu gyaran rediyo ke cewa bolum. Da farko lafiya lau, amma tunda hunturu ya shigo totur ɗin ya fara rawa, ƙafata na wuri ɗaya amma allurar na tsalle ita kaɗai, in na fesa mai sai ya lafa kwana biyu ya dawo. An ce akwai Hall sensa, wato sensa mai aiki da maganaɗisu da ba ya gogar komai, dan Allah wanne zan saya kuma ya ake ɗaura shi?

Injiniya_Kawo:
Wa'alaikumussalam. Malam matsalarka biyu ce. Cikin bolum akwai ɗan harshen ƙarfe da ke gogar layin kabon, ƙura na shiga yana cinye wurin, to kai kuma fedarka ba ta wuce digiri 20 zuwa 30 alhali shi yana juya wajen 270, kaga ɗan wuri ɗaya kake ta murza kullum, kuma cikin lambobi 1024 da Arduino ke karantawa kaɗan kake mora.

Nemi Hall sensa SS49E, ko ka ce 49E kawai. Ƙafa uku gare shi, in rubutun na kallonka ta hagu 5V, ta tsakiya GND, ta dama ita ke zuwa ƙafar A0 ta Arduino, wayoyinka na da za ka mayar. In babu maganaɗisu kusa zai ba ka wajen 2.5V, fuska ɗaya ta maganaɗisun ta ɗaga shi sama ɗayar ta saukar da shi. Amma ka kula sosai kar a ba ka A3144, kamarsu ɗaya a ido, shi wancan kunnawa da kashewa kawai ya iya, totur ɗinka zai zama ko sifili ko a ƙure.

Mai_Solda:
Ƙari kan abin da oga ya faɗa, wahalar ba a waya take ba, wajen zaunar da maganaɗisun take. In ka sa shi yana matsowa yana ja da baya daga gaban sensa, farkon takawa ba za ka ga komai ba sai can ƙarshe lambar ta zabura lokaci ɗaya, birki ba ya yiwuwa haka. Ni na tsohon hard disk nake cirowa, mai lanƙwasa kamar ƙosai an gutsura, domin fuska ɗaya rabinta arewa ce rabinta kudu, sai na ɗaure shi a jikin feda yana giftawa ta gefen sensa da tazarar milimita biyu ko uku. Kafin ka sa gam ka riƙe da salatif, ka buɗe Serial Monitor, tagar manhajar Arduino mai nuna lambobin da yake karantawa, kana takawa a hankali kana gusar da shi har lambar ta riƙa hawa sumul. Kar bakin soldarin ya taɓa shi, irin wannan maganaɗisu na neodimiyam ba ya son zafi, daga wajen digiri 80 yake fara rasa ƙarfi. Mazaunin kuma ka yi da roba ko katako, ƙarfe na karkatar da shi.

Injiniya_Kawo:
Haka ne wlh. In kuma da hali akwai AS5600, shi kwanar juyawa yake aunawa kai tsaye, matakai 4096 a zagaye guda, sai dai yana son maganaɗisu mai da'ira wanda aka raba arewa da kudu gefe da gefe, daidai tsakiyar sandar da fedar ke juyawa a kai. Adireshinsa na I2C, hanyar da yake magana da Arduino, ɗaya ne, 0x36, don haka feda uku sai ka ƙara TCA9548A mai raba musu layi. Ni dai a feda 49E ya wadatar, AS5600 ka ajiye wa sitiyari.

Direban_Dare:
Allah ya saka da alheri. Akwai mataccen hard disk a shagon ƙanina, gobe zan kwance shi. Tambaya ɗaya, in lambar ta tsaya tsakanin 300 da 750 misali, a cikin kod zan miƙe ta da map() ko na bar wa joy.cpl, wurin saita kayan wasa na Windows, ya daidaita?