Wani magani yana yankewa, wani yana lalacewa a kanta: ya ake daidaita oda?

Sabon_Famasist:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman haske kan lissafin kaya a famasi. Ta yaya ake sanin lokacin sake yin odar magani da adadin da za a saya? Sau da yawa wani magani sai ya yanke ana tsaka da nemansa, wani kuma yana jibge har wa'adinsa ya ƙare. Kuma me ke sa abin da ke littafi ya saɓa da abin da ke kan kanta?

Mai_Kula_da_Sito:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kar ka yi oda da ƙiyasin ido. Ka fitar da abu uku ga kowane magani: yawan da ke fita a rana, kwanakin da dila ke ɗauka kafin ya kawo kaya, da ajiyar ko-ta-kwana.

Misali, a ce kafso 5,400 na amoxicillin 500mg suka fita cikin kwana 90, amma maganin ya yanke na kwana 15 a ciki. Da 75 za ka raba, wato kwanakin da yake a kanta, sai ka samu 72 a rana. Wanda ya raba da 90 zai samu 60, ya yi oda ƙasa da buƙata, maganin ya sake yankewa, lissafi na gaba ya ƙara raguwa. Nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa. To idan dila na ɗaukar kwana 10, kafso 720 ke nan. Ƙara na mako guda don ko-ta-kwana, 504. Da zarar abin da ya rage ya sauko 1,224, ka tura oda ranar. Ka riƙa sabunta lissafin duk wata uku, domin buƙatar maganin zazzaɓi da na tari tana hawa da sauka da yanayi.

Hajiya_Famasi:
Malam ya yi bayani mai kyau. Game da lalacewa, ƙa'idar ita ce wanda wa'adinsa ya fi kusa shi zai fara fita, ko da jiya aka kawo shi. Wani lokaci sabon kaya yakan zo da wa'adi gajere fiye da tsohon da ke kanta, shi ya sa dole a duba kowane kwali ranar karɓa, a rubuta lambar rukuninsa da ranar ƙarewarsa. Idan wata da shekara kawai aka buga, ana lissafi har ƙarshen wannan watan. Duk wanda saura wata shida, a manna masa jar alama a turo shi gaba. Wanda ya ƙare kuwa a cire shi daga kanta nan take, a kulle shi daban.

Saɓanin littafi da kanta yawanci daga ma'auni yake. An shigar da kaya da kwali, ana fitarwa da kati, wani kuma yana rubuta ƙwaya. Ku tsayar da ƙwaya a matsayin ma'auni ga kowa. Ni dai a ganina ƙirgar shekara-shekara ba ta da wani amfani sosai. Gara a ƙirga masu tsada da masu saurin fita kowane mako. Magungunan da doka ta tsaurara kula da su irin su morphine kuma littafinsu daban, akwatinsu a kulle, a ƙirga duk lokacin miƙa aiki.

Mai_Kula_da_Sito:
Haka ne Hajiya. Sai dai a ƙara da na firji, don su suna lalacewa tun wa'adi bai ƙare ba. Insulin (maganin ciwon sukari), oxytocin (allurar naƙuda) da yawancin alluran rigakafi suna son digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius. A sa ma'aunin zafi a tsakiyar firjin, a rubuta safe da yamma. Kar a ajiye su a jikin ƙofa, kar kuma su taɓa bangon baya inda ƙanƙara ke taruwa. Insulin da ya daskare ya tashi aiki ko da ya narke. A sito kuma a ɗaga kwalaye santimita 10 daga ƙasa, a janye su santimita 30 daga bango saboda danshi.