Wanda kotu ta ɗaure, ya kai a buɗe masa shafi a Wikipedia?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani mutum a unguwarmu ya tara kuɗin jama'a da sunan zai juya a raba riba duk wata, ya cinye, kotu ta ɗaure shi shekara uku. Har da kuɗin mahaifiyata a ciki. Tumakinta biyu ta sayar a kasuwar Giwa ta kai masa, har yau rasit ɗin yana cikin kwanon da take ajiye zobbanta. Na zauna na rubuta masa muƙala da suna da hoto don in ɗora a Wikipedia ta Hausa. Wani abokina da ya daɗe yana gyara a can ya karanta, ya ce ko kwana ba za ta yi ba, don majiyata labarin jarida guda ne na ranar hukunci. To Lawrence Anini ma ai ɗan fashi ne, kuma yana da shafi. Duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, don Allah ya ba mu labari.

Malami a Kongo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar wa Hajiya da alheri. Ni da muƙalar Dimka, sojan da ya jagoranci yunƙurin juyin mulkin da aka kashe Janar Murtala a cikinsa, na fara fahimtar abin. Na yi kwana uku a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello ina buɗe tsofaffin jaridun New Nigerian, takardun sun yi ja, kana taɓawa suna gutsurewa. Ga labarin 13 ga Fabrairu 1976, ga sanarwarsa a rediyo, ga harbe shi a watan Mayu. Na koma littattafan tarihi, nan ma ga shi. Shugaban ƙasa aka kashe, ba yadda za ka ba da labarin Murtala ka tsallake shi. Shi kuwa Anini ya addabi birnin Benin a 1986 har Babangida ya tambayi Sufeto Janar ina yake, aka gano akwai jami'in ɗan sanda a bayansa, aka harbe shi a Maris 1987, kuma har gobe ana rubutu a kansa. Abin da ake dubawa ke nan: ko wanda aka cuta fitacce ne, ko laifin ya fita daban, sannan ko an ci gaba da maganarsa bayan ƙura ta lafa. Girman ciwon da ya ji maka ba ya cikin ma'aunin, duk da na san wannan yana da wuyar haɗiya.

Yaya daga Tudun Wada:
Ni ban san ƙa'idojinku ba, abin da ya same mu zan faɗa. Ƙanena ya yi sata yana da shekara ashirin da biyu, ba zan kare shi ba, ya yi. Ya yi shekara biyu a gidan yari, a can ya koyi kafinta, ya fito ya buɗe 'yar rumfa, sallah ba ta wuce shi. Bayan shekara shida ya nemi aure. Mun kai kayan sa rana, goro da alewa da komai. Sai yayan yarinyar ya rubuta sunansa a waya, tsohon labari ya fito da hotonsa da ankwa. Washegari da hantsi aka dawo mana da kayan a Keke Napep, ko ɗaurin goron ba a kwance ba. Mahaifiyarmu ta shiga ɗaki ba ta fito ba sai magariba. Wannan fa ɗan labari ne mai layi biyar. Ina ga shafi guda da zai riƙa fitowa a sama duk sanda aka nemi sunan? Ɗan Samaru, alƙali shekara uku ya yanke masa, naka rubutun ba shi da ranar fita.

Baba na Sabon Gari:
'Yata, na tausaya miki, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ina sayar da kayan gyaran mota, wani ya damfare mu mu bakwai, aka ɗaure shi, ya fito ya koma wani gari ya sake kafa tarko iri ɗaya. Da waɗancan sun ga sunansa a wani wuri da ba su faɗa ba. Mai hali ba ya barin halinsa. Ni ina bayan a rubuta.

Ɗaliba a Samaru:
Baba, gaskiyarka, sai dai gargaɗi aikin jarida ne da rediyo. Lokacin da aka gano gawar Hanifa a Kano a Janairun 2022 na kasa barci, na so in buɗe shafi da sunan mai makarantarsu da ake zargi da kashe ta. Wata da ta girme ni a aikin ta ce in dakata, ba a yanke hukunci ba tukuna, kuma in zan rubuta in rubuta a kan kisan, kada in mayar da shi tarihin rayuwar makashin. Na ji haushi a ranar. Da kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na sake duba abin da na tsara, sai na ga na rubuta inda ya yi karatu da sana'arsa, ita kuwa yarinyar layi biyu kacal na ba ta. Kunya ta kama ni.

Ɗan Samaru:
Na gode ƙwarai. Jiya da dare na karanta wa Hajiya muƙalar. Ta yi shiru, can ta ce 'ya'yansa biyu ajinsu ɗaya da ƙannena a Islamiyya, in cire hoton. Ban goge ba tukuna, zuciyata ba ta sauka ba, amma ba zan ɗora ba. Ina so in rubuta a kan ita kanta damfarar, yadda ake biyan na farko da kuɗin na baya, kamar MMM da ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. Malam, ranar Asabar in kana da sarari ka nuna mini inda ake ajiye tsofaffin jaridun nan.