Takon kifi a na'urar suya da iska: me ya sa nawa yake fitowa laƙwas?

Uwargida a Houston ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin hannun na'urar nan ta suya da iska mai zafi, wadda muke kira eya-firaya. Ina tashi daga aiki ƙarfe biyar da rabi na yamma, kafin in ɗauko yara mu isa gida magariba ta kawo jiki, don haka duk girkin da zai wuce rabin awa ba na ranakun aiki ba ne a wurina. Yarana sun ɗanɗana takon kifi a gidan wata maƙwabciyarmu 'yar asalin Meziko, wato soyayyen kifi da yankakken kabeji da ɗan kirim a cikin lanƙwasasshen burodinsu mai faɗi da suke kira totiya, kuma tun daga ranar ba su bar ni na huta ba.

Sau biyu ke nan ina gwadawa. Na farko na dama ƙullun fulawa da ruwa, na tsoma kifin na jera a kwandon na'urar, amma da na buɗe sai na tarar ƙullun duk ya tsiyaye ƙasa ya ƙone, kifin kuma ya manne da kwandon, sai da cokali na kankaro shi. Na biyu na bar ƙullu na barbaɗa masa fulawa kawai, ya fito fari fat kamar an shafa masa hoda, cikinsa kuma ruwa tsundum. Shin na'urar ce ba ta dace da wannan girki ba, ko kuwa ni ce nake kuskure? Kuma wane irin kifi ne ya fi dacewa?

Baƙon San Diego ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Laifin ba na na'urar ba ne, ba kuma naki ba ne gaba ɗaya, illa dai kin ɗauko hanyar da aka tsara domin tukunyar mai kin kai ta inda babu mai. Asalin wannan abinci daga yankin Baja California ne a arewa maso yammacin Meziko, kuma garuruwa biyu na bakin teku, Ensenada da San Felipe, kowanne yana cewa a wurinsa aka fara. A 1983 ne wani mai suna Ralph Rubio ya buɗe shagonsa na farko na sayar da tako a nan San Diego bayan ya ɗanɗana takon a can, kuma shagunansa na cikin abin da ya yaɗa shi a Amurka. Na taɓa tsayawa a gefen kasuwar kifi ta Ensenada na kalli yadda masu sana'ar suke yi: suna tsoma dogon yankin farin kifi a ƙullu mai ruwa-ruwa, su sake shi cikin kasko mai cike da mai yana tafasa, kuma kafin ƙiftawar ido man ya kama ƙullun ta ko'ina ya daskarar da shi ya zama ɓawo. Man da ya kewaye kifin ne yake riƙe ƙullun a jikinsa.

Ita kuwa na'urarki, duk da sunan suya da aka laƙaba mata tun da kamfanin Philips ya fito da tasa a Berlin a 2010, ƙaramin tanderu ce kawai: ƙarfe mai zafi a sama, da fanka da take hura zafin ƙasa da ƙarfi. Iska ba ta iya daskarar da ƙullu nan take kamar mai, saboda haka yana samun lokacin da zai zurare ta ramukan kwando, abin da kika gani ke nan. Duk abin da zai shiga cikinta dole ne ya shiga a bushe.

Ga yadda nake yi. Ina yanka kifin tsaye-tsaye, kaurin babban yatsa da tsawon ɗan yatsan tsakiya, in barbaɗa gishiri in bar shi minti biyar, sannan in danne shi da takardar goge hannu har sai ta daina jiƙewa. Daga nan kwano uku: na farko fulawa da aka gauraya da garin tafarnuwa da masoro da ɗan garin barkono, na biyu ƙwai da aka kaɗa, na uku garin busasshen biredi. Irin na Jafanawa da ake kira panko ya fi kowanne ba da ƙaras-ƙaras domin ƙwayarsa manya ce kuma ba ta da nauyi. Kafin in zuba shi a kwano nakan yayyafa masa cokali ɗaya na mai in murza da hannu har ya shiga ko'ina, domin busasshen gari ba ya yin ja sai da maiƙo, kuma rashin wannan ne ya sa naki na biyu ya fito fari. In kunna na'urar ta yi zafi na minti uku a kan digiri 200 na ma'aunin Salsiyas, wato 400 a ma'aunin da ke jikin na'urorinmu na nan, in jera kifin kowane yanki da sarari tsakaninsa da ɗan'uwansa. Minti takwas zuwa goma ya isa, a juya sau ɗaya a tsakiya. Hukumomin abinci na Amurka suna cewa kifi ya nuna idan cikinsa ya kai digiri 63, wato 145 a ɗaya ma'aunin, amma ko babu abin awo, idan kika danna shi da cokali mai yatsu ya rabu salo-salo, launinsa ya koma fari sol, to ya yi.

Wata magana da ya kamata mu sani a matsayinmu na Musulmi: ƙullun asali na Baja sau da yawa da giya ake dama shi, domin kumfarta ce take sa shi ya yi sakayau. Idan za ki saya a waje ki tambaya tukuna. Wanda yake son irin wancan ɓawon a gida zai iya damawa da ruwan soda mai sanyi, sai dai fa a tukunyar mai zai soya, ba a wannan na'ura ba.

Mai Girki daga Kaduna ta amsa:

Malam ya gama magana a kan ƙullu, ni kuma zan tsaya a kan kifin kansa, domin ina zargin ruwan da Hajiya ta gani a karo na biyu daga ƙanƙara ya fito. Kifin firiza yana riƙe ruwa da yawa, kuma idan aka shafa masa gari alhali tsakiyarsa ba ta gama saki ba, to zafi na taɓa shi zai fara tsatsafo da ruwa daga ciki, ya jiƙa ɓawon, a ƙarshe turara shi aka yi ba suya ba. Abin da ya fi sauƙi ga mai zuwa aiki shi ne ta sauko da shi daga firiza zuwa firji tun da daddare ko da asuba, a kan faranti, ta yadda kafin ta dawo ya saki. Idan an manta, a sa shi a leda a ɗaure bakinta sosai, a nutsa a ruwan sanyi kamar rabin awa. Kada a yi gaggawar zuba masa ruwan zafi, domin bayansa zai dahu ya yi laushi cikinsa kuma yana nan da ƙanƙara.

Game da irin kifi, ana son mai farar tsoka, maras yawan maiƙo da ƙaya. Ku da kuke can kuna da kod, wani farin kifin teku, da karfasa da aka riga aka zare wa ƙaya. Mu a nan na gwada iri huɗu, kuma a ganina giwan ruwa ne sarkinsu, saboda tsokarsa tana da kauri, ba ta dagargajewa wurin juyawa, sai dai tsadarsa ta sa ba kullum ba. Karfasa tana yi, amma sai an sami mai kifin da ya iya fere tsokar daga jikin ƙashi, kuma tun da ba ta da kauri minti bakwai ya ishe ta. Panla na masu kifin ƙanƙara shi ne na yau da kullum a gidana, yana da araha kuma ɗanɗanonsa ba ya danne kayan haɗi. Tarwaɗa tana da daɗi amma maiƙonta da santsinta suna hana gari kamawa sai an wanke ta sosai an tsane. Taitus kuwa ban ba da shawararsa ba, ƙarninsa da maiƙonsa sun fi ƙarfin kabeji da kirim, ya fi kyau a bar shi a miya.

Mun saba wanke kifi da lemun tsami domin kashe ƙarni, kuma babu laifi a hakan, amma a wanke a ɗauraye a tsane nan take. Na taɓa jiƙa shi cikin ruwan lemun tun safe da nufin ya shiga jikinsa, da yamma na tarar tsamin ya riga ya cinye tsokar ta yi fari ta yi ruɓus, ko ɗaukarta ba a iya yi sai ta karye. Lemun tsamin tako a kan tebur ake matsa shi, lokacin da za a kai baki. Haka nan na gwada zuba yajin tsire a cikin garin biredin, ya yi ƙamshi ƙwarai, sai dai ƙuli-ƙulin da ke ciki yana saurin ƙonewa a wannan zafi, don haka yanzu a cikin fulawar kwanon farko nake sa shi, ƙwai da garin biredi su rufe shi.

Ga 'yan'uwa da suke gida Najeriya kuma: yawancin waɗannan na'urori suna jan wuta tsakanin wat 1,400 da 1,800, ƙaramin janareta ba zai ɗauke su ba. Wanda kuma aka aiko masa da tsarabarta daga Amurka ya duba jikinta kafin ya jona, domin tasu wutar bolt 120 ce, tamu kuwa 230.

Dattijuwa a Chicago ta amsa:

'Yata, kin sami amsa a kan kifi, saura abin da za ki naɗe shi a ciki, wanda mutane suke rainawa alhali shi ne yake ɓata wa da yawa aiki. Totiya iri biyu ce, ta masara da ta alkama, kuma takon kifi na asali da ta masara ake ci. Ba da garin masara irin namu na tuwo ake yin ta ba. Mutanen Meziko suna dafa ƙwayar masarar ne a ruwan farar ƙasa, su bar ta ta kwana a ciki, su wanke su niƙa, kuma wannan dahuwar ce take sa ƙullin ya haɗe ya yi danƙo har a iya fyaɗa shi siriri bai tsage ba. Tun kafin zuwan Turawa suke yin haka, wasu da ruwan toka, abin da ya tuna mini yadda iyayenmu suke amfani da toka da kanwa a girki. Abin dariya, wannan ƙulli a harshen Sifaniyanci sunansa masa. Ranar da na fara ganin buhun garinsa a kanti an rubuta kalmar "masa" ɓaro-ɓaro a jikinsa, na ɗauka wani ɗan Bauci ne ya riga mu zuwa ya kafa sana'a.

Ta masara idan ta fito daga leda a sanyaye takan karye da zarar an lanƙwasa ta, ɗanɗanonta kuma kamar na ɗanyen gari. Ki ɗora busasshen kasko a wuta ya yi zafi sosai, ki gasa kowace ɗaya kamar daƙiƙa talatin a kowane gefe har ta ɗan yi ɗigo-ɗigon ƙuna, ki riƙa tara su cikin tsabtataccen tawul ki rufe, tururinsu zai sa su yi laushi. Ki yi wannan a cikin mintunan da kifi yake na'ura, babu lokacin da zai ƙaru. Kada ki sa su a na'urar, iska za ta busar da su, kuma marasa nauyi fanka takan ɗaga su su taɓa ƙarfen da ke sama. Idan yaranki sun fi son ta alkama, ki karanta jikin ledar da kyau, domin a al'adance da kitsen alade ake murza ta, ko da yake da yawa daga na kanti yanzu da man ganye ake yi. Su kuma na gida da ba sa samun totiya, burodin shawarma siriri da aka yanka gida huɗu yana tsayawa a madadinta.

Kabejin kuma a yanka shi siriri kamar zare, a bar shi ɗanye, a sa masa gishiri kaɗan da lemun tsami ana gab da ci. Kirim ɗin ba wani abin wahala ba ne: cokali uku na yogot maras suga, cokali biyu na mayonis, ruwan rabin lemun tsami, tafarnuwa ƙwaya ɗaya da aka daka, da barkono gwargwadon bakin yara. Wannan da yankakken kabejin suna kwana biyu a firji lafiya lau matuƙar ba a haɗa su wuri ɗaya ba, sai ki yi su ranar Lahadi.

Uwargida a Houston ta dawo:

Allah ya saka muku da alheri, Mama da Malam da 'yar'uwata ta Kaduna. Jiya Talata na gwada da karfasa, wadda na sauko da ita firji tun kafin in fita aiki. Na yi mamakin yawan ruwan da na tsane daga jikinta, takarda huɗu ta jiƙe sharkaf kafin ta bushe. Na duba agogo: daga ɗaura zane zuwa zama a tebur minti ashirin da bakwai, har da gasa totiya goma sha biyu. Zubin farko ya fito ja, yana ƙara a baki, babbar 'yata har tana tambaya ko a waje na sayo. A zubi na biyu ne na karya dokar Malam, domin yara suna tsaye a kaina suna miƙo faranti, sai na juye sauran duka a kwandon wani kan wani, kuma duk inda yanki ya taɓa ɗan'uwansa wurin ya fito fari da laushi. Kwandona ƙarami ne, yanka shida kawai yake ɗauka a sake, mu kuma mu biyar ne a gidan. Shin idan na ajiye zubin farko a tanderu a kan ƙaramar wuta kafin na biyu ya fito, ɓawon zai tsaya yadda yake?

Baƙon San Diego ya amsa:

Zai tsaya, Hajiya, in dai kin ɗora shi a kan ragar ƙarfe ba a kan faranti ba, kuma ba ki rufe shi ba, domin tururin da yake fita daga ƙasansa ne yake jiƙa shi. Digiri 95, wato 200 a jikin tanderunki, ya isa na minti goman da za ki jira.