Wata 8 ina jiran mizajur, wa ya riƙe mani ita?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yau sai na amayar da abin da ke raina, don tura ta kai bango. Wata 8 ke nan da na sayi sabuwar waya jika 140, kuɗin da na tara tun kakar bara. Kullum bayan sallar asuba sai na shiga parametir na danna wurin neman mizajur, wato sabon tsarin da ake turo wa waya, ta yi ta juyi, ta ce babu sabon abu. Abokin aikina wayarmu iri ɗaya, har launi, tuni ya hau Android 14, ni ina nan a 13. Sau 2 ina zuwa ofishin kamfanin layina. Na farko aka ce in dawo, na biyu aka ce in kashe in kunna. Kowane sati ina sayen forfe, suna karɓar kuɗina, amma abin da ya kamata su turo mani sun danne. Ni dai na ce kamfanonin layi ne ke riƙe mana mizajur don mu yi ta ƙona kiredi wajen dubawa. Mai ja ya fito.

Direban Jibiya: Wallahi gaskiyarka. Rezon ma da muke biya ba mu samu ba, balle mizajur.

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a ɗora wa kowa laifi, tambaya ɗaya. In ka kunna wayar, bayan sunan kamfanin da ya ƙera ta, akwai wani tambari na daban da ke fitowa?

Ɗan Bagalam: Akwai, har da ɗan kiɗa. Me ya haɗa wannan da maganata, yaya?

Mai Gyaran Waya: To ai nan gizo ke saƙar. Wannan tambarin na wani kamfanin layi ne na Amurka. Can mutane da yawa a hannun kamfanin layi suke karɓar waya, suna biya wata-wata, wayar kuma a kulle take da layinsu. Mizajur ɗin irin wannan waya doguwar hanya take bi. Google ne ke fitar da Android, kamar yadda ya fitar da 14 a watan Oktoban 2023. Daga nan masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su Qualcomm da MediaTek, su daidaita nasu ɓangaren. Sai kamfanin wayar ya ɗora tashi kwalliyar. Sannan kamfanin layin da ya sayar da ita ya gwada ta a kan rezonsa, in ta yi masa ya sa hannu a saki. Wasunsu ma ba sa turo ta sai wayar tana kan layinsu. Taka an dekode ta, an kawo ta Maradi, ka sa sim ɗin nan, mai turowa bai ma san inda take ba. Kamfanin layinka na nan hanya ce kawai da saƙo ke bi, ba shi da makullin. Ta abokinka ina kyautata zaton ta kasuwar Dubai ce ko ta Turai, wadda ba ta da ubangida sai wanda ya ƙera ta. A taƙaice wayarka ba sabuwa ba ce, gwanjon Amurka ce.

Ɗan Bagalam: Gwanjo?! A kwalinta na karɓe ta, da leda a kan gilashi, da caja. Ni ka ce wa na sayi gwanjo?

Alhaji Mai Shago (admin): Mai Gyara, ka iya bakinka. Wannan kalma ba ta dace ba. Gwanjo sutura ce da wani ya sa ya cire. Waya mai kwali da leda sabuwa ce, haka kasuwa ta sani. Shekarata 17 ina wannan sana'a, ban taɓa jin an kira waya gwanjo ba sai a bakinka.

Mai Gyaran Waya: Alhaji, ranka ya daɗe, kwali da leda ai sayar da su ake yi daban, kai ma ka sani.

Alhaji Mai Shago (admin): Ban sani ba. Ni ba na irin wannan.

Ɗalibar Jami'a: Amma Baba Alhaji, in har wani ya riƙe ta a Amurka ko da wata ɗaya ne, ta tashi daga sabuwa. Okaziyon ce. Mota ma ai haka ake cewa, ba wanda ke jin haushi.

Bagobirin Tibiri: Okaziyon daban, gwanjo daban, ɗiyata. Mu nan abin da munka sani, tufahin da anka sa anka cire bosho ake ce masu. Gwanjo kuwa asalinshi kaya ne da ake kaɗa ma ƙararrawa, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Wayar yaron ga an kaɗa mata ƙararrawa? Ba a kaɗa ba. To ba gwanjo ba ce, ba kuma bosho ba ce.

Direban Jibiya: A Katsina da Kano kayan sawa na hannu gwanjo ake ce masu, kawu. Kullum ina hanya, na fi ku jin wannan.

Bagobirin Tibiri: Mu ba Kano muke ba.

Direban Jibiya: Amma wayoyin da ke hannunku rabi daga kasuwar waya ta Farm Center a Kano suka fito. Ni ke ɗauko masu sarin in maido su ta Ɗan Isa.

Alhaji Mai Shago (admin): To ka ga tushen matsalar ke nan. Kayan da ake jidowa daga can ba a san asalinsu ba. Mu da muke oda kai tsaye ba mu da wannan ciwon kai.

Direban Jibiya: Alhaji kar ka ɓata sunan mutane. Lokacin da aka rufe boda a 2023 wa ya fi ku kuka? Ku ne kuka riƙa kirana dare da rana kuna tambayar ko akwai hanya. Yau kuma kayan Kano ne marasa asali?

Ɗan Bagalam: Ni fa a nan garin na saye ta, a shago, ba a Kano ba. Kuma maganata a kan mizajur ce.

Ɗalibar Jami'a: Shi ya sa ni ba na barin iPhone. Apple da kansa ke turo sabon iOS, rana ɗaya ga kowa, kana Maradi ko kana Faransa, babu kamfanin layin da zai tsaya a tsakani. A jami'armu ta Dan Dicko Dankoulodo duk ƙawayena da suka koma iPhone ba wadda ta sake wannan kukan.

Mai Gyaran Waya: Wannan gaskiya ne, amma ki cika ta. Da iOS 17 ya fito a Satumbar 2023, iPhone 8 da iPhone X ba su samu ba, kuma su ne suka cika hannun matasa a nan. Kowace waya tana da ranar da ake yaye ta. A ɓangaren Android ma an fara tsawaitawa: Google ya yi alkawarin shekara 7 a kan Pixel 8, Samsung ma ya yi na shekara 7 a kan Galaxy S24 a farkon 2024.

Ɗalibar Jami'a: Nawa ne kuɗin S24 ɗin? Wa ke da shi a zauren nan?

Bagobirin Tibiri: Naki iPhone ɗin ma ai bosho ne in ana bin ta haka. Sabo kika saya?

Ɗalibar Jami'a: Kawu, okaziyon na saya kuma ban ɓoye ba. Wanda ya sayar mani ya gaya mani gaskiya, har lafiyar batir ya nuna mani. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu, a kira abu da sunansa.

Bagobirin Tibiri: Ni Tecno gare ni, a kwali na ɓare ta da hannuna. Sim biyu, batir ya kwana biyu. Da Tecno da Infinix da itel duk gida guda ne, Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin, kuma don irinmu sunka yi su. Lokacin da Nijeriya ta yanke muna wuta a watan Agustan 2023, masu manyan wayoyi sunka yi ta yawo da caja a aljihu, tawa tana aiki. Mizajur me za ta ƙara ma wanda bai da wuta?

Hajiya ta Unguwar Zariya: Ƴaƴana ku yi haƙuri in shigo. Ni ban san su Android nawa ba. An ce mani in waya ba ta samun wannan abin, wata rana WhatsApp zai daina aiki a kanta. Da shi nake jin muryar jikokina da ke Agadas, da shi nake karɓar odar turaren wuta. Gaskiya ne?

Mai Gyaran Waya: Hajiya ki kwantar da hankalinki. WhatsApp yana yanke tsofaffin wayoyi lokaci-lokaci, amma waɗanda ya yanke a 2023 masu Android 4.4 ne, na wajen 2013. Mai 13 tana da sauran tafiya mai nisa. Abin da ya fi damuna da wayar Ɗan Bagalam ba lambar 13 ko 14 ba ce. A cikin parametir, wurin bayanin waya, akwai kwanan watan gyaran tsaro. Google yana fitar da wannan gyara duk wata don toshe kafofin da ɓarayi ke bi. In ka ga kwanan watan ya tsaya shekara ɗaya ko biyu baya, kuma kana aika kuɗi da wayar, to wannan ne abin tsoro. Ƙanena duba ka gaya mani abin da ta rubuta.

Alhaji Mai Shago (admin): Kafin nan ka janye kalmar gwanjo. Akwai ƴan kasuwa fiye da 20 a zauren nan, ka zubar mana da mutunci.

Mai Gyaran Waya: Ban ambaci shagon kowa ba, Alhaji. Waya na gani na faɗi abin da take.

Malamin Zaure: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ku bar gardamar suna, ku dubi hukunci. A babin ciniki na Risala da muke karantawa, wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar. Kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. In mai shago ya san an yi amfani da wayar ya ce sabuwa ce, ya ci haƙƙin yaron nan, ko an kira ta gwanjo ko an kira ta amarya.

Alhaji Mai Shago (admin): Allah gafarta Malam, rashin mizajur ba aibi ba ne. Wayar tana kira, tana hoto, tana shiga intanet. Aibi shi ne fasasshen gilashi ko mataccen batir.

Malamin Zaure: Ban ce mizajur ba, Alhaji. Na ce kalmar sabuwa.

Direban Jibiya: Malam ya gama magana.

Bagobirin Tibiri: Bai gama ba. In mai shagon shi ma haka anka sayar mashi, a kwali, bai sani ba fa? Laifin wa?

Ɗalibar Jami'a: Mai shekara da shekaru a sana'a ya ga tambarin kamfanin layin Amurka a fuskar waya ya ce bai sani ba? Haba kawu.

Alhaji Mai Shago (admin): Yarinya, da wa kike?

Ɗalibar Jami'a: Ban kira suna ba, Baba.

Ɗan Bagalam: Jama'a, saƙo ya haura 30, har yanzu ba wanda ya gaya mani yadda zan samu mizajur ɗina. Kuma ni ban yarda kamfanin layin nan ba shi da hannu ba. Da ba su da hannu me ya hana su gaya mani haka tun zuwana na farko, suka bar ni ina sintiri a rana?

Alhaji Mai Shago (admin): To ya isa haka, dare ya yi, bari in taƙaita in rufe. Abin da zaure ya fahimta shi ne, kalmar gwanjo kuskure ce, dattijonmu na Tibiri ya warware ta, waya mai kwali sabuwa ce. Malam ya ja hankali a kan amana, kuma alhamdu lillahi ƴan kasuwar garin nan an san su da ita. Matsalar tana zuwa ne daga kayan da ake shigowa da su ta boda ba tare da sanin asalinsu ba, sai kuma raunin rezo da kowa ya shaida. Shawara, mai son waya ya je shagon da ya sani a cikin gari. Duk wanda ya sake tayar da maganar gwanjo zan cire shi na kwana 3.

Direban Jibiya: Ba haka aka yi ba, Alhaji. Yaron ya faɗa da bakinsa a shagon cikin gari ya saya.

Malamin Zaure: Ni ma ba abin da na ce ke nan ba.

Ɗan Bagalam: Yaya Mai Gyara, na duba. Kwanan watan tsaron ya tsaya tun 2023.

Mai Gyaran Waya: To ka kawo ta rumfata gobe bayan azahar in ga lambar samfurinta. Wasu ana iya ɗora masu sabon tsarin ta kwamfuta, wasu ba sa karɓa, kuma in aka ɗora wanda ba nata ba tana iya mutuwa gaba ɗaya, don haka ba zan yi maka alkawari ba sai na gani. Ka kwashe hotunanka da lambobinka a wani wuri tun yau, ka cika batir. Ka zo da kwalin ma, da takardar shagon in sun ba ka, ina so in gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar waya, da ke jikin kwalin da wadda ke cikin wayar.