Kwafo Maganar Mutum Kafin a Ba Shi Amsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Shin ya dace in kwafo dukan abin da mutum ya rubuta kafin in ba shi amsa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tsinko jimlar da za ka tanka kawai, domin idan ka jero sakin layi biyar na maganar wani, sannan ka rubuta "na yarda" a ƙarƙashi, ka wahalar da mai karatu, musamman wanda yake karantawa a waya.

Amsa ta biyu: Haka ne, amma a yi hattara wajen yankewa. An taɓa ɗauko rabin jimlata, aka bar sharaɗin da na gindaya, sai ma'anar ta juye, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Amsa ta uku: Idan amsarka tana biye da maganarsa, ambaton sunansa ya wadatar.