Neman shawara: zan fara koyar da zane da aikin hannu a ƙungiyar matasan unguwa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗauki nauyin koyar da zane da aikin hannu kyauta a ƙungiyar matasan unguwarmu, duk Asabar, awa biyu. Yara ne wajen 25, 'yan shekara 10 zuwa 16, maza da mata. Kuɗin kaya kaɗan ne, aji ɗaya aka ba mu aro. Da me zan fara? Kuma sun matsa sai an yi rini, ni kuwa tsoron sodar rini (caustic soda, mai ƙona fata) nake ji.

Malamar zane:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da lada. Yara 25 sun yi wa mutum ɗaya yawa. Ki raba su gida biyar, kowane gida da babba ɗaya mai karɓar kaya da mayarwa, ki kuma nemi mai taya ki.

Kada ki sayi fenti kala-kala. Ja, rawaya, shuɗi, fari da baƙi na ruwa sun isa, sauran su haɗa da kansu: shuɗi da rawaya su ba da kore, ja da rawaya ruwan lemo. Ki riƙa tsiyaya musu a murfin roba, don in kika miƙa kwalbar gaba ɗaya, buroshi ɗaya mai datti zai dagula ta. Minti 10 na nuni, wajen 80 na aiki, sauran na wanke-wanke da duba aikin juna.

Ki fara da zayyana: dagi, zanen hula, adon bangon gidajen gargajiya. Akwai iyayen da ba sa son zanen abu mai rai, gara ki ji ta bakinsu tun kafin a je nan.

Wani marini:
Hajiya, tsoronki a kan hanya yake, amma ana yi lafiya lau in an raba aiki: ɗauri na yara, haɗin ruwa naki ke kaɗai.

Yadin ya zama auduga zalla. Mai roba-roba ba ya kama wannan rinin, kina ɗaurayewa zai zube. A wanke sabon yadi da sabulu tukuna, domin sitacin da ke jikinsa shi ke sa launi ya fito dabbare-dabbare. A ɗaure da zare mai ƙarfi ko robar ɗauri, tamau. Ɗaurin da ya yi sako-sako ruwa zai ratsa shi, a kwance a ga babu zane.

Ga yadi ɗaya zuwa biyu, ki fara da cokali 1 na garin rini, 2 na soda, 3 na haidiros (garin sinadarin da ke sa rinin ya narke ya shiga yadi), cikin lita 4 zuwa 5 na ruwa mai ɗumi sosai. Ƙarfin gari yana bambanta, saboda haka ki gwada a ƙyalle kwana ɗaya kafin ranar. A baho na roba za ki haɗa, ban da tukunyar alminiyom, soda na cin ta. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda, don tana ɗaukar zafi ta fantsamo. Safar hannu ta roba mai kauri, sanda ta juyawa, kuma a fili, saboda warin haidiros na shaƙe mutum.

A jiƙa yadin, a nutsar da shi minti 10 zuwa 15 ana juyawa. In kin ga shuɗi ya fito kore-kore kada ki damu, sai ya sha iska yake komawa shuɗi. A bar shi kamar minti 15, a ɗauraye, sannan a kwance. In ruwan bai canza launi ba tun a baho, galibi haidiros ɗin ne ya sha iska ko damshi ya mutu. Ki saya kaɗan, ki rufe gam.

Bokitin ruwa mai tsafta ya kasance kusa. In soda ta taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15. Na ido kuwa, daga nan sai asibiti.

Wata uwa mai kula da yara:
'Yar uwa, ki karɓi izinin iyaye a rubuce tare da lambar waya, ki tambaya ko akwai mai asma kafin ranar rini. Kada ki keɓe da yaro ɗaya, ƙofa a buɗe, kuma hoton yara ba ya hawa Facebook sai iyaye sun amince. Ki duba lokacin Islamiyya kafin ki tsayar da awa, in suka ci karo ajinki ne zai watse.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To ƙananan fa, ranar rini me zan ba su?

Malamar zane:
Su yi ɗauri, sannan ki janye su nesa da bahon su yi aikin takarda. A dama kofi 1 na fulawa, 2 na ruwa, da cokalin gishiri don rage fumfuna, shi ne gam ɗin liƙi. A yayyaga tsohuwar jarida faɗin yatsa biyu, a shafa wa kwano man shafawa, a tsoma jaridar a gam ɗin a liƙa wa kwanon shimfiɗa uku, a bari ta bushe sarai kafin a ƙara. Da hunturu kwana ɗaya ya isa. Da damina ki ba shi kwana biyu ko uku inda iska ke ratsawa.