Me za mu kira "situdiyo" da Hausa?

Jama'a, kalma ɗaya nake nema, ku taimaka. Ƙanena ya samu aiki a wajen East Legon a nan Accra, ya gaji da sammakon neman motar haya ta trotro daga Nima, sai ya kama ɗaki a Madina. Da ya shaida wa Hajiyarmu cewa ya kama situdiyo, ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, yaushe ka koma ɗaukar hoto?" Ba laifinta ba ne. Situdiyon da muka sani shi ne inda ake ɗaukar hoto ko waƙa, ko ɗakin watsa shiri a gidan rediyo.

Na je na gani da idona. Ɗaki ne guda. Katifa na gefen taga, daga ƙafarta taku uku ka kai kantar girki mai famfo da wurin ajiye tukunyar gas. Ƙofa ɗaya ce kawai a ciki, ta banɗaki. Mitar wutarsa daban, shi ke saka mata kuɗi, ba ruwansa da rigimar rabon kuɗin wuta a ƙarshen wata.

Na fara sa tambayar a zauren 'yan unguwarmu. Wani ya ce "ciki da falo". A'a. Ciki da falo ɗaki biyu ne da bango a tsakani, shi ne abin da dillalan Accra ke kira cemba-an-hol. Wani ya ce "ɗakin gwauro". Wannan kam ban yarda ba ko kaɗan, domin na san ango da amarya da suka fara zama a irinsa, bai dace a laƙaba wa gidan aurensu wannan suna ba.

Wani malaminmu da ya yi karatu a Kano ya rubuto: "Ɗana, ai muna da falle ɗaya, me ya sa kake neman sabo?" Na ce, Allah gafarta Malam, falle ɗaya ya faɗi yawan ɗakin, amma bai faɗi abin da ake biyan kuɗi saboda shi ba. Duk wanda ya tashi a gidan yawa a Nima ko Maamobi ya san falle ɗaya: ka ajiye bokitinka a layi tun kafin kiran sallah, mata na hura gawayi a ƙofar ɗaki, wani gidan ma sai ka fita waje ka biya kuɗin bayan gida na jama'a. Mai kama situdiyo wannan layin yake gudu. Kalmar da ba ta nuna banɗaki da madafi suna ciki ba, ta bar jaki tana dukan taiki.

Kuma maganar ta kuɗi ce. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida gaba, amma shekara ɗaya ko biyu ake nema, ga kuɗin ganin ɗaki, ga la'adar dillali. Mutum zai zuba wannan duka a kan sunan da bai fahimta ba. Akwai wanda aka ce masa situdiyo, ya je ya tarar da falle ne aka kafa wa famfo a lungu, banɗakin kuma na mutum uku.

Sai wata yayarmu ta kawo "komai-ciki". Ta ce, "Ƙanena, haka Hausa ke gina suna, dubi ci-rani, dubi faɗi-ka-mutu." Na gwada a baki: na kama komai-ciki a Madina. Nawa ne komai-ciki a Fadama? Ya zauna. Malam ya ce a haɗa da nasa, a ce "falle komai-ciki", don kada ya rikice da ciki da falon da shi ma ke da banɗakinsa. Na karɓa, gyaran ya yi.

Jiya na ji Hajiya a waya tana gaya wa ƙanwarta ta Kumasi cewa yaron ya kama falle komai-ciki, kuma ba a tambaye ta ma'anarsa ba. 'Yan Aboabo da Asawase na Kumasi, idan kuna da wani sunan da kuke kiransa a can, ku kawo mu ji.